Kada A Yi Mata Jana'iza Da Ranta

Hausawa sun ce kowa ya rena gajere bai taka kunama ba. Wannan karin magana nake so in ɗora a kan wani ɗan abu da girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, amma kuwa shi ne sau da yawa ke tsaye tsakanin kwamfutar ɗalibi da kabarinta. Na san wani mai karatu zai ce, me ya haɗa mujallar adabi da cikin inji? To, a yi mini haƙuri a bi ni sannu, amsar tana tafe.

A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga ɗakin kwanan ɗalibai ba ka ga kwamfutar cinya irin wadda aka ƙera don wasa ba, watau mai kaurin nan, mai fanka biyu, mai maɓallan da ke haske ja da kore cikin dare. Da yawa daga cikinsu na hannu ne, sun yi aiki shekara biyu ko uku a ƙasashen waje kafin su iso kasuwanninmu. Wani don wasan ƙwallo ya saya, wani don zanen gini, wani don haɗa fim. Amma ƙarshen labarinsu kusan ɗaya ne. Da fari fanka za ta fara kuka kamar injin niƙa. Sa'an nan maɓallan su ɗau zafi har yatsa ya ji. Sa'an nan aiki ya riƙa tafiyar hawainiya. Daga nan sai wata rana ta ɗauke ɗif, ba sallama. Na ga mai ɗora ta bisa littattafai huɗu, na ga mai kunna mata fankar ɗaki, har na ga mai jera ledojin ruwan sanyi ƙarƙashinta. In duk an gaji, sai a ce ai ta tsufa, a kai ta kasuwa a sayar da arha.

Tawa Yayana ne ya saya mini sa'ad da na shiga aji biyu, da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Akan taɓa ƙwallo da ita ranar Asabar, wannan gaskiya ne, amma babban aikinta shi ne kundin digirina, wanda nake yi a kan waƙoƙin niƙa da na daɓe. Na bi ƙauyuka na ɗauko muryoyin tsofaffin mata da hotunansu, kuma sai na saurara na maimaita, na yanka na jera, kafin in iya rubuta baiti ɗaya daidai. Da bazara ta kama, sai ta zama ba ta minti ashirin tana wannan aiki ba ta mutu ba, ga shi kuwa lokacin miƙa babi na uku ya matso. Mai gyara na farko da na kai wa ko buɗe ta bai yi ba. Ya ɗora tafin hannunsa a bayanta ya ce, "Ɗalibi, allon injin ne ya tafi. Ko dai ka kawo kuɗin wani, ko ka sayar mini da ita a matsayin gawa." Kuɗin da ya yanka ya fi abin da nake ci a zangon karatu guda, ni kuwa ba ni da fuskar da zan sake duban Yaya da ita.

Wani dattijo ne, wanda ya fara sana'a tun zamanin gyaran rediyo da talabijin, ya kwance mini wannan ƙulli. Ya kunna ta, ya kara kunne, ya ce, "Yaro, ba a haƙa wa mai numfashi kabari. Jawo benci ka zauna." Na ce, "Baba, in kallo ne zan iya." Ya ce, "Kallon ma karatu ne." Abin da zan faɗa nan gaba a wurinsa na fara ganinsa, sa'an nan na bi littattafan masu ƙira na ƙara fahimta, har na yi wa abokan ɗakina biyu da hannuna.

A cikin irin wannan kwamfuta akwai ƙwaƙwale biyu, ɗaya ta lissafi, ɗaya ta hoto, kowacce faɗinta bai fi farcen babban yatsa da yawa ba. Ta lissafi takan ci wuta wajen wat 45, ta hoto kuwa a manyan injuna takan wuce wat 100, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa. Wanda ya taɓa kama ƙwan lantarki irin na da mai wat 60 yana ci, ya san abin da nake nufi. Don a fitar da wannan zafi sai aka kwantar da farantin jan ƙarfe bisa kowace ƙwaƙwalwa, aka haɗa shi da bututan jan ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsu, aka bar ɗan ruwa kaɗan, aka toshe. Ruwan yakan zama tururi a gefen zafi, ya ruga gefen sanyi ya koma ruwa, sa'an nan bangon bututun ya jawo shi baya kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Hikimar randa ce dai, ruwan da ya tashi yana tafiya da zafi. A ƙarshen bututun akwai siraran ƙarafa jere kamar haƙoran mataji, nan fanka ke hura iska ta kore zafin waje.

To, ga inda gajeren namu ya shigo. Fuskar ƙwaƙwalwa da fuskar faranti a ido sumul suke kamar madubi, amma a haƙiƙa cike suke da ƙananan kwari da tuddai, don haka in an haɗa su ba sa taɓa juna sai nan da can. Abin da ya cike sauran wurin iska ce, iska kuwa rowar zafi gare ta: jan ƙarfe ya fi ta wuce da zafi wajen sau 15,000. Saboda haka ake shafa wani mai kauri mai launin toka a tsakani, wanda ni nake kira man jan zafi, domin ya kori iskar ya cike kwarin. Amma fa a lura, man nan ya fi iska nesa ba kusa ba, sai dai shi ma jan ƙarfe ya fi shi ninkin ba ninkin. Ashe ke nan matsayinsa matsayin dillali ne. Ba a ciniki sai da shi, amma in la'adarsa ta yi kauri, mai saye da mai sayarwa duk sun yi hasara.

Man nan ba ya dawwama. Duk sa'ad da aka kunna inji ƙarfe yakan buɗe, in an kashe ya tsuke, kuma wannan buɗewa da tsukewa kullum tana tura man gefe, abin da ya rage ya bushe. Da Baba ya ɗaga farantin tawa, abin da muka gani kamar busasshen taɓo ne a bakin tafki, duk ya tsattsage. Daɗin daɗawa, ƙurar hunturu ta saƙa wani bargo a bakin matajin nan, har ya ciro shi ɗungurungum da ɗan hantsaki. Ƙara da cewa a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri zafi yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, watau iskar da fanka ke ja ma mai zafi ce. Yawancin ƙwaƙwalen Intel na kwamfutar cinya an yi musu iyaka wajen digiri 100. In sun doshi wurin sai su rage gudu da kansu, in abin ya ƙi su kashe injin. Ashe ɗaukewar nan da muke ɗauka mutuwa ce, gudun ceton rai ne.

Ga yadda aikin yake. Kafin komi, mutum ya kwafe ayyukansa ya adana wani wuri, ya kuma auna zafin da manhaja irin su HWiNFO, don ya san inda ya taso. Ya kashe inji, ya zare caja, ya kwance sukurorin baya ya jera su bisa takarda yadda suke a jiki, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Da ya buɗe, abu na farko shi ne zare igiyar batir daga allo. Ya taɓa wani ƙarfe babba kafin ya taɓa allon, musamman da hunturu, saboda tartsatsin nan da ke tsinkar mutum in ya kama ƙofar mota ya isa ya kashe ƙwaƙwalwa. Ya ɗau hoton ciki da wayarsa kafin ya motsa komi. Sukurorin faranti suna da lambobi a jikinsu, a sassauta su kaɗan-kaɗan bi da bi, a ɗan murɗa farantin a hankali har ya saki, kada a fizge, kada kuma a lanƙwasa bututu. A goge tsohon mai da tsumma marar gashi da sifirit irin na aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, har fuskokin biyu su yi ƙyalli. A share fanka da buroshi, in za a hura mata iska a riƙe ta da yatsa kada ta yi ta juyawa. Sa'an nan a ɗiga sabon mai, a shimfiɗa shi siriri ya rufe fuskar ƙwaƙwalwar duka har kusurwoyi, domin ƙwaƙwalwar kwamfutar cinya tsirara take, ba ta da murfin ƙarfe irin na ta tebur, duk inda mai bai kai ba nan zafi zai taru. A mayar da faranti sau ɗaya, a ɗaure sukurori bisa lambobinsu, rabi-rabi, har su zauna daidai.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne wajen 'yan katifun nan masu laushi kamar roba da ke kewaye da ƙwaƙwalen. Su suna kwance ne bisa ƙananan ma'adanan hoto da masu daidaita wuta, waɗanda tsakaninsu da faranti akwai rata da ta fi ƙarfin mai. Kaurinsu ya bambanta, akwai na rabin milimita, da na milimita 1, da na 1.5, kuma a inji guda ana iya samun iri biyu ko uku. Wanda ya sa mai kauri fiye da ƙima, katifar za ta ɗage farantin daga kan ƙwaƙwalwa, sai ya rufe inji ya ga zafi ya fi na da. Wanda ya sa siririya kuwa ba za ta taɓa faranti ba, ƙananan nan su yi ta dahuwa shiru har ran da za su ƙone. Saboda haka in tsofaffin katifu ba su yage ba, ba su ƙandare ba, a bar su inda suke. In sai an sake, a auna kaurin kowace, a yanka daidai, a tuna a ɓare ledar da ke fuska biyu. Wasu masu ƙira wani abu kamar ƙullin fulawa suke sa wa maimakon katifa, to shi da irinsa ake maye shi.

Akwai gargaɗi biyu. Na ɗaya, tun 2020 kamfanin ASUS ya riƙa sa ruwan ƙarfe maimakon mai a kwamfutocinsa na ROG masu ƙwaƙwalwar Intel, haka ma Sony ya yi a PlayStation 5 da ya fitar a wannan shekara. Ruwan ƙarfen nan da galiyam ake yin sa, yana jan zafi ƙwarai, amma yana wuce da lantarki, yana kuma cin alminiyam. Ɗigo ɗaya ya zuba bisa allo, an gama. Wanda ya buɗe ya ga abu na sheƙi kamar narkakkiyar azurfa, ya mayar ya rufe ya nemi gwani. Na biyu, kada wani ya ruɗe ka da man goge baki. Ruwa ne a cikinsa, kwana kaɗan zai bushe ya bar ka inda ka fito. Mai na kirki, irin su Arctic MX-4, ɗan sirinji guda yakan ishi injuna da dama, sai ɗalibai su yi karo-karo su saya. Akwai kuma wani siririn faifai na Honeywell mai suna PTM7950, wanda ke narkewa wajen digiri 45 ya daskare in an huce, shi ya sa ba ya saurin gudu gefe.

Tawa dai da ta saba kai wa bakin iyaka, sai ga ta tana aiki yini guda ba ta wuce tamanin da 'yan kai ba, na kuwa miƙa babina cikin lokaci. Ban ce kowace cuta wannan ne maganinta ba. Fankar da ta mutu sai an sake ta, allon da ya ƙone ya ƙone, kuma mai sabuwar kwamfuta da garantinta bai ƙare ba ya karanta sharuɗɗansa kafin ya ɗau sukudireba. Abin da nake cewa shi ne, a fara da mai arha kafin a yarda da mai tsada.

Yanzu ga amsar tambayar da na ɗage. Wani abokina ɗan sashen injiniya ya tarar da ni na baje sukurori bisa tabarma, ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan Hausa, ba ka tsaya ga karin magana ba?" Ni kuwa ina ganin nan ne aikinmu yake. Abin da ya sa mai gyaran farko ya so ya saye kwamfutata a matsayin gawa shi ne ya tabbata ba ni da sunan ko abu ɗaya da ke cikinta. Wanda ba shi da sunan abu ba ya iya tambaya a kansa, wanda ba ya iya tambaya kuwa duk abin da aka yanka masa shi zai biya. Kakanninmu sun raɗa wa kowane kayan maƙera suna, daga zugazugi har uwar maƙera da awartaki, shi ya sa manomi ke iya tsayawa gaban maƙeri ya faɗi abin da ke damun garmarsa. Kayan zamaninmu fa, wa zai raɗa musu?

Man jan zafi da katifun zafi da na yi ta faɗa a nan ƙirƙirata ce, ban ce ta zauna ba. Ina roƙon ƙungiyarmu da malamanmu su ware zama guda, a gayyato masu gyara daga kasuwa da 'yan'uwanmu na sashen injiniya, a buɗe kwamfuta ɗaya a tsakiyar tebur, a bi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, a ji abin da masu sana'a ke kiran kowanne, wanda ba shi da suna a raɗa masa. In mun yi haka, ƙanenmu da za su zo bayanmu za su shiga shago da bakinsu. Allah ya sa mu dace, amin.