Daga Mona Lisa zuwa Dabous: abin da kwaikwayo ya koya mana



Mu ƴan kaɗan ne a garin nan da ke koyon zanen fuskar mutum da fentin mai, kuma tambaya guda ake yawan yi mana: "Don mi kuke kwafar aikin wani Bature da ya mutu tun 1519? Ku zana naku mana!" Leonardo da Vinci ake nufi, mai hoton Mona Lisa da ke ajiye a gidan tarihi na Louvre a Paris. To ga amsa.

Ɗan maƙeri ba ya ƙirƙiro sabon salo ranar da ya fara riƙe guduma. Kiriskirin Agadas ɗin da ubansa ke ƙerawa yake maimaitawa har hannu ya faɗa. Haka zane yake. Ko a Louvre ɗin, har yau ana ba masu koyo izini su kafa allonsu gaban tsoffin hotuna su kwafa.

Mu a waya muke kallon hoton. Mukan raba shi gida-gida da layuka, mu raba ƙyallen haka nan, sannan mu fitar da siffar da gawayi. Shafin farko launin ƙasa ne kaɗai, tsararo, don a san inda haske yake da inda inuwa take. Sai ya bushe ake ɗora masu kauri, domin idan mai kauri ya zauna ƙasa, na sama tsagewa yake yi. Fentin mai kuwa kwanaki yake ɗauka kafin ya bushe, ga ƙurar hunturu, dole a juya fuskar allon ga bango. Babban darasin shi ne, a gefen bakin matar da gefen idanunta babu layi ko ɗaya. Inuwa ce ke narkewa cikin haske a hankali. Mai kallo kawai ba ya lura da wannan, sai wanda ya gwada da hannunsa.

Kada a ce gwanaye sai Turai. Nan arewa da mu, a Dabous, akwai raƙuman dawa biyu sassaƙe a jikin dutse, babban ya zarce mita 5, kuma masana na ƙiyasta shekarunsu sun haura 6,000. A 1999 aka ɗauki tambarinsu, aka zuba kwafi da alminiyam, guda yana filin jirgin saman Agadas. Wanda ya zauna ya kwafi dabbare-dabbaren jikinsu a takarda zai ga kowane da siffarsa, babu wanda aka yi da gaggawa. Roƙonmu ga matasa masu zuwa can: a kwafa da ido da fensir. Kada a taka, kada a bi layin da alli, kada a rubuta suna. Abin da aka kankare ba ya dawowa.

Me muke nema da duk wannan wahala? Tsofaffinmu. Da yawansu, tsoffin ma'aikatan SONICHAR da makiyaya da masu garka, ba su bar hoto ba sai ɗan ƙaramin nan na katin shaida, wanda ya riga ya koɗe. Dattijon da ya ja amawali kuwa, idanu da karan hanci kaɗai ake gani. Idan ba ka iya inuwar gefen ido ba, rawani ka zana, ba mutum ba, kuma jikokinsa ba za su gane shi ba.

Saboda haka duk mai irin wannan hoto a ƙasan akwati, ya adana shi nesa da rana da damshi. Hannunmu bai gama faɗawa ba, amma yana hanya. Allah ya ji ƙan magabata, ya bar zumunci.