Ɗan Ƙarfen Da Ya Kusa Raba Ni Da Agogon Baba

Yau ba zancen waya zan yi ba, zancen agogo ne.

Agogon da Baba ya bar mini Seiko 5 ne, a Makka ya sayo shi. Gumi da ƙura sun daskare a sarƙarsa, sai na ce bari in cire ta in wanke da kaina. Na ɗauko wuƙa na hau ƙwaƙula. Kafin in ankara na karce agogon, wani ɗan ƙarfe kuma ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin gado. Sai da na haska tocilan na gano shi.

Ashe shi ne komai. Fil ne mai sifirin a ciki, bakinsa biyu suna zaune cikin ƙananan ramukan kunnuwan agogo. In ka danna baki ɗaya ciki, sarƙa ta fita.

Da na tashi cire ɗaya gefen, na yi hankali. Na shimfiɗa tsumma a faranti, na kifa agogon, na manna salatif a kunnuwan don kar su karce. A bayan sarƙar, daidai inda ta haɗu da agogo, akwai 'yar tsaga. Nan na sa siririyar sukundireba na tura fil ɗin ciki, yatsana a kansa don kar ya tsere.

Wajen mayarwa ne na yi kuskuren da ya fi muni. Na sa baki ɗaya a raminsa, na danna ɗayan, na ga kamar ya zauna, na ɗaura na fita. Ina cikin adaidaita sahu kawai na ji agogo ya faɗo kan cinyata. Wallahi da a kan babur ne, shi ke nan.

Don haka in ka mayar, ka saurari 'yar ƙarar nan "ƙas", sannan ka ja sarƙar da ƙarfi ta kowane gefe. In fil ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa, auna tsakanin kunnuwan da rula, yawanci milimita 18, 20 ko 22 ne, ka sayi sabo wajen mai gyaran agogo.

Karcen wuƙar na nan har yau. Kullum na ɗaura, sai na ja sarƙar tukuna.