Faifan Kenny Burrell na Gidan Kawu

A Kadunan shekarun 1970, gidan da ke da babbar garmaho mai haɗe da rediyo gida ne da ake kwatance da shi. Kawuna, ma'aikacin jirgin ƙasa, yana da irinta a falo, an lulluɓe ta da ƙyallen saƙa, kuma babu yaron da ya isa ya taɓa allurarta. Faya-fayansa yawanci na kiɗan hailaif ne da na Kwango, amma akwai guda ɗaya da ba ya ɗorawa sai dare ya raba, baƙi sun watse. Sunansa Midnight Blue, na wani Ba'amurke mai kaɗa jita, Kenny Burrell.

Kawu ya san jaz ne ta gajeren zango. Willis Conover na Muryar Amurka ya fara shirinsa na jaz a 1955, ya kuma shekara kusan arba'in yana yi, yana magana a hankali don wanda Turancinsa bai nuna ba ya fahimta. Ta nan sunan Burrell ya shiga kunnensa, da aiki ya kai shi Legas kuwa ya nemo faifan. Ni dai a lokacin abin ɗaure mini kai yake yi. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, wai yaushe mawaƙin zai fara?" Ya ce, "Ɗan nan, ai tun ɗazu yake yi. Jitar ce bakinsa. Zauna ka saurara."

Na zauna, kuma zaman nan ne ya koya mini sauraro. Sai da na girma na san abin da ke cikin faifan. A yini guda aka ɗauke shi, ranar 8 ga Janairun 1963, a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey, ƙarƙashin kulawar Alfred Lion, wanda ya kafa kamfanin Blue Note a 1939. Mutum biyar ne kacal: Burrell, haifaffen Detroit a 1931, Stanley Turrentine mai busa saksafon, Major Holley a kan babbar bas, Bill English mai ganguna, sai Ray Barretto mai buga konga da tafin hannu. Babu piyano, kuma a ganina sirrin faifan ke nan. Da babu ita sai fili ya buɗe, kowane sauti ya samu wurin tsayawa ya gama numfashinsa kafin wani ya biyo.

Burrell ba mai gaggawa ba ne, ko da yake yatsunsa na iya gudu. Tun yana ɗan shekara goma sha tara ya yi ɗauka da Dizzy Gillespie. A nan ya zaɓi ya faɗi kaɗan. Kiɗa na uku, "Soul Lament", shi kaɗai ne da jitarsa, ba ganga ba busa. Idan aka zo nan Kawu yakan ajiye kofin shayinsa ya runtse ido, ni kuma in ƙura wa faifan ido yana juyawa, ina jin ƙaraf-ƙaraf ɗin ƙurar hunturu da ta riga ta shige layukansa. Har yau idan na tuna kiɗan, da wannan ƙarar nake tuna shi.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka raba kaya, zafi ya lanƙwasa abin da ya saura na faya-fayan. Zamanin kaset ya zo ya wuce, na CD ma haka. Na ci gaba da jin Midnight Blue a waya, a mota, a wurin aiki, ina tsallake wannan in koma wancan. Kiɗan yana nan, amma na daina zama dominsa.

A 2021 Blue Note ta sake buga shi a jerin da ta kira Classic Vinyl. Wani gwanin yankan faifai, Kevin Gray, ya koma ga ainihin tef ɗin da Van Gelder ya ɗauka, ya yanko sautin kai tsaye ba tare da ya ratsa kwamfuta ba, aka buga a Jamus a kan faifai mai nauyin giram 180. Masu talla suna yawan ambaton nauyin nan, amma kauri ba ya ƙara wa kiɗa daɗi. Amfaninsa dai faifan ya kwanta daidai, ya kuma jure. Abin da ke da muhimmanci shi ne tef ɗin da kuma kunnen mai yankan. Wani ɗan'uwa da ya dawo daga Ingila ya kawo mini, na gyara tsohuwar na'urata, na sayi sabuwar allura.

Abin da ya fara girgiza ni shi ne shirun da ke gaban kiɗan. Daga cikinsa bas da konga suka taso a "Chitlins con Carne", na ji tafin Barretto yana sauka a kan fata, na rarrabe bugun tsakiya da na gefe. A "Mule" na ji tsirkiyar Holley tana rawa bayan ya sake ta. Iskar da ke fita daga bakin Turrentine kafin sauti ya kama, ita ma tana nan. Duk waɗannan suna cikin tef ɗin tun 1963. Garmahon Kawu ce ba ta iya fito da su ba. Na yi baƙin ciki ƙwarai da bai rayu ya ji su ba, domin shi ne ya fi kowa cancanta.

Faifan yana da tsada a aljihun ɗan Najeriya, ga neman allura, ga yaƙi da ƙura da zafi. Duk da haka, wanda ke da na'ura mai lafiya kuma yake son jita, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Idan ka same shi, ka ajiye shi a tsaye nesa da rana, ka goge shi kafin ka ɗora, ka kuma bar fuskar farko ta kai ƙarshe kafin ka tashi ka juya.