Bonkuku: ɗakin yara da ya jira gayya

Duk wanda ya tashi daga Yamai ya kama hanyar Filinge, da ya wuce Balayara sai ya ga ƙasa ta sake kama. Duwatsu sun ja gefe, rairayi ya shimfiɗu, gawo da goruba sun yawaita. Wannan shi ne Dallol Boso, tsohon kwarin da ruwansa ya nutse ƙarƙashin ƙasa, har mutum ya gina rijiya ƴar gajera ya tarar da shi. A cikinsa Bonkuku take, babban garin komin ta Imanan, inda Abzinawa da Zabarmawa da Hausawa ke cin kasuwa guda. Ƴan kasuwarmu sun san ta da dankalin turawa. Ni kuwa abin da ya kai ni da bazarar 2025, wani gida ne da yaran ƙauye suke kwana.

Kamar yadda masu karatu suka sani, yaron karkara in ya ci jarrabawar shiga kwalej, dole ya bar garinsu, uba ya shiga neman mai masauki. Rashin tsaro da ya rufe ɗaruruwan lakwal a jihar Tilaberi ya ƙara yawan masu wannan nema. Wani dattijo ya ba da gida mai ɗaki biyu da zaure, ɗaya na maza ɗaya na mata. Sai damanar 2024 ta zo, wadda ambaliyarta ta sa gwamnati ɗage komawa lakwal daga 2 zuwa 28 ga watan Oktoba. Ta kayar da bangon gabas, ta kwashe rabin rufi.

Gudummuwa ba ta yi nawa ba. Wani ɗan garin da ke sana'a a kasuwar Katako ya aiko da kwano da ƙusa, wani ma'aikaci ya biya buhunan siminti na Malbaza, wani kuma ya aiko da fenti. Aka yi godiya, aka jibge kayan cikin zaure, suka yi wata da watanni.

Dalili shi ne hannu. A nan lokacin sanyi ba lokacin hutu ba ne: babba da yaro suna garka wajen ban ruwa, kuma ba wanda zai bar dankalinsa ya ƙone don ya kwaɓa ƙasa. Da an tone an sayar, samari da dama sun kama hanyar cin rani. Tsakanin tonon dankali da ruwan farko, kwanaki ne ƙalilan, kuma a cikinsu ne za a ɗebo laka da amalanke, tun da rairayin kwarin ba ya yin tubali, a buga, a shanya. Kafin a kai nan, buhu biyu na siminti sun sha raɓa sun zama dutse.

Na iske ranar gayya ta biyu. Mata na jigilar ruwa, yaran gidan da kansu na miƙa tubali, magini na bisa bango yana faɗa. Shi ne ya hana a shafe bangon laka da siminti, don a cewarsa yaɓen ba ya kamawa, damana biyu sai ya ɓanɓare. Ya sa aka zuba shi a gindin bango inda ruwa ke ci, sauran aka yi daɓe. Ya kuma ɗaga rufin, ya buɗe taga biyu masu duban juna, saboda ɗakin kwano a watan Afrilu tanderu ne. Da wani ya kawo shawarar a kafa rumfar zana a wuce wurin, ba wanda ya amsa masa. Mutane ba su manta da gobarar ajin zana ta unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilun 2021 ba, da ta Maraɗi a Nuwamban wannan shekara, waɗanda suka ci yara fiye da 40.

Dattawan wurin sun tuna mini da zamanin Seyni Kountché, ɗan Fandu, lokacin da samariya ke gina azuzuwa da kiɗa da ganga. Gaskiya ne, amma a wancan lokaci akwai tsoron hukuma. Yau gayya sai da fura da goro da tuwon rana, sai kuma ladan magini, domin shi sana'arsa ke nan. Abin da na lura, masu bayarwa sun fi son abin da ido ke gani daga bakin hanya. Kuɗin gero da na amalanke, matan unguwa ne suka haɗa su dala-dala. Fentin nan kuwa yana zaure har na baro garin, ba a sami bangon da zai karɓe shi ba.

Ɗakin maza ya kammala kafin hadari. Na mata an rufe shi, amma ba ƙyaure, ba makewayi, kuma iyayen ƙauye sun ce ba za su bar ɗiyansu mata su kwana bayan zana ba. Maƙerin garin ya auna ƙofar ya faɗi kuɗinsa. Ranar da na hau mota zuwa Filinge, ba a kai ga rabinsu ba.