Abin da yaran gidan haya suka koya mini

Zaman gidan haya a Sabon Garin Kano ya haɗa ni da Inyamurai da Yarabawa da Nupawa, kowa da yarensa da addininsa. Manya kan yi tsegumin juna, amma darussan da na samu, daga yara suka fito.

Na farko, ba wanda ke koya wa yaro jin zafin zalunci. Ba yara rake guda su raba, ka koma gefe. Nan take za a hau gwada gaɓa da gaɓa, kuma doka ɗaya ce: wanda ya yanka shi ne zai ɗauka a ƙarshe. In an tauye wani, ihun "an cuce ni" zai tashi da yare uku, fuskar kuwa iri ɗaya. Masu bincike a Jami'ar Yale sun nuna a 2007 cewa jarirai 'yan wata shida da wata goma sun fi miƙa hannu ga 'yar tsanar da ta taimaki wata hawa tudu, a kan wadda ta tunkuɗo ta.

Na biyu, magana ba a baki kaɗai take ba. Akwai wani yaro kurma a gidan, da maganar hannu yake ba da labari, yana tsokana, yana kai ƙara har ya ci shari'a. A Managua ta ƙasar Nikaragwa, tun daga 1977 aka fara tara yara kurame a makaranta, ana koya musu karanta leɓe da Sifaniyanci. Hakan bai yi nisa ba, sai yaran suka ƙago yarensu na hannu a filin wasa, ƙannensu kuma suka gyara masa nahawu.

Na uku, bambancinmu a reshe yake. Wani durƙusawa yake wa babba, Bayerabe ya kwanta rub-da-ciki, amma girmamawar ɗaya ce. Binciken Jami'ar Oxford na 2019 a al'ummomi 60 bai samu inda ake kushe zumunci ko rama alheri ko jarunta ba.

Don haka in ka ji an ce ƙabila kaza ba su san mutunci ba, tambayi mai maganar ko ya taɓa zama gida ɗaya da su.