Liemba, tsohon jirgin tabkin Tanganyika

A shekarar 1913 aka ƙera shi a garin Papenburg na ƙasar Jamus, aka ba shi sunan Graf von Götzen. Ana gama ƙira aka wargaza shi, aka zuba a akwatuna kimanin 5,000, aka kai Dar es Salaam ta teku, jirgin ƙasa ya ja su zuwa Kigoma, a bakin tabkin Tanganyika. Can aka sake harhaɗa shi, ya shiga ruwa a 1915, yaƙin duniya na farko na ci. Aka ɗora masa bindigogi.

Bai daɗe yana soja ba. A watan Yuli na 1916, da rundunar Beljik ta kusato Kigoma, Jamusawa suka ba da umurni a nutsar da shi kada ya faɗa hannun maƙiyi. Makanikan nan uku da suka rako shi daga Papenburg, su aka ɗora wa aikin. Kafin su bar ruwa ya shiga, sai da suka bi injinsa suka lafta masa man giris, kamar mai ajiyar kaya zai yi doguwar tafiya. Hafsoshi yaƙi suke duba. Waɗannan mutane kuwa aikin hannunsu ne suka ƙi a ɓata. Beljik suka tsamo shi, hadari ya sake nutsar da shi a 1920, Ingilishi suka fito da shi a 1924. Injin nan ya tashi, ya kuma yi aiki har shekarun 1970, lokacin da aka musanya shi da na dizal.

Daga 1927, da sabon suna Liemba, ya koma ɗan dako tsakanin Kigoma da Mpulungu ta Zambiya: buhunan busasshen kifi, masara, abarba, da ƴan kasuwa zaune bisa kayansu. Yawancin ƙauyukan gaɓa ba su da tasha, sai ya tsaya a tsakiyar ruwa, kwalekwale su kewaye shi, ko da tsakar dare ne. A 1997 ya mai da dubban ƴan gudun hijirar Kwango gida. A 2015 ya kwaso na Burundi zuwa Kigoma.

A 2018 tsufa ya tsai da shi, aka ɗaure shi a Kigoma don gyara. Mutanen gaɓa suka koma wa ƙananan jiragen katako, waɗanda iskar tabkin ba ta raga musu.