Agogon Zafi na Motar Kawuna

Ga abin da ya same ni a hutun bara. Kawuna yana da tsohuwar babbar mota, Mercedes 911, mai shan gas, da ita yake ci da iyalinsa. Agogon zafinta ya daɗe da mutuwa, har ran nan ruwan lagireto ya tafasa a hanyar Funtuwa, saura kaɗan kan inji ya tsage.

Ya sayo sabon agogo da ɗan ƙarfensa na tagulla mai jin zafi, ya ce, "Malam, kai ne mai karatu." Na haɗa waya, na tsoma ƙarfen cikin tafasasshen ruwa, hannun agogo ya tsaya kusa da 100. Sa'an nan na ɗaura shi inda ruwa ke fita daga kan inji, gama nan zafi ya fi yawa. Don gudun yoyo na naɗe haƙoransa da farin tef mai kauri.

Aka ta da mota, hannu ko motsi. Yaron mota, wanda bai san ko bihim ba, ya leƙa, ya ce, "Malam, wutar ta jikin inji take komawa, ka kuwa tare mata hanya." Ya rage tef ɗin, ya ɗaure. Kafin mu fita gari hannu ya hau 80. Kawu ya dube ni, bai ce kome ba.